Kiran da Rariya Ta Riƙe

"Me ka ce, Kawu?"

Ralitsa ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali. Mayafin amarci yana kanta, zumar da uwar miji ta sa mata a baki ma ba ta gama narkewa ba.

Tsoho Gencho, wanda ya fi kowa daɗewa a kulob ɗin masu rediyo na garinmu, ya share gashin bakinsa da bayan hannu. Barasar inabi ta riga ta kwance masa harshe.

"Cewa na yi kina da taurin zuciya, 'yata! Ai yabo ne. Yaron nan Yasen, duk Lahadin duniya, tun farkon sanyi har ƙanƙara ta narke, lambarki yake kira a rediyo. Ya cika mana kunne! Na ce wa matata, ko dutse aka yi wa wannan kuka ai ya tsage. Amma ke ko gezau. Kin yi daidai, uba ai uba ne."

"Bai kira ba."

"Wa?"

"Yasen bai kira ni ba, Kawu... Da kaka ya kira, daga nan ya yi shiru."

"Shiru? Akuyar Yasen ce za ta yi shiru?" Tsohon ya bushe da dariya har da buga tebur. "Ku ji mini amarya! Har mutanen Poland sun haddace lambarki!"

Sai ta ji hannu a kan wuyan hannunta. Ango ne, Zahari.

"Kawu ya sha ya ƙoshi, ruhina. Tashi, makaɗa suna jiranmu."

Ba fuskarsa ta duba ba, hannun ta duba.

Ya ƙara matse wuyan hannunta.

*

Ga yadda al'amarin ya faro.

Ralitsa 'yar Dobrin maƙerin tagulla ce, ita kaɗai gare shi. Ta shiga kulob ɗin rediyo ne saboda wata ƙawarta ta ce akwai murhu mai ɗumi a can. Ƙawar ta gaji ta daina zuwa, ita kuwa ta zauna, domin ta tarar da Yasen.

Shi ya koya mata harshen ƙwanƙwasa, gajeren kuka da dogon kuka, waɗanda idan aka jera su sukan zama haruffa. A wancan zamani lasisin aika saƙo ba ya samuwa da sauƙi. Abin da ta samu shi ne lambar mai sauraro: tana da izinin ji, ba ta da izinin amsawa.

Yasen da hannunsa ya haɗa na'urar aikawarsa, daga tarkacen tsohuwar talabijin. 'Yan kulob suka sa mata suna Akuya. Ralitsa ta ɗauka saboda muryarta mai rawa ce kawai. Amma sunan yana da dalili na biyu, wanda tsofaffin hannu suka sani, ita ba ta sani ba: idan sanyi ya kama na'urar, takan bar wurin da aka ɗaure ta, muryarta ta haura sama.

Ranar da ta ambaci Yasen a gida, Dobrin ya ajiye cokali.

"Ɗan wa?"

"Ɗan Marin, Baba."

"Marin da aka ɗaure saboda bakinsa? Ni in kai 'yata gidan da hukuma ta ja wa layi? Jikokina ko makarantar kirki ba za su shiga ba! Kuma mene ne aikinsa? Ƙirga gajimare!"

"Yanayi yake aunawa, Baba."

"Na auna yanayin gidana, ban ga wurinsa ba. Ga Zahari nan, shugaban kulob ɗinku, ma'aikacin gidan tarho, yana da mota, sunansa ya kusa fitowa a rabon gidaje. Idonki ciwo yake yi?"

Mahaifiyarta tana murza ƙullin fulawa, ba ta ɗaga kai ba.

Saboda haka Yasen ya karɓi aikin hunturu a tashar auna yanayi da ke ƙololuwar dutse, inda ƙanƙara kan rufe hanya har wasiƙa ba ta sauka. An yi masa alkawari cewa idan ya jure, za a mayar da shi bakin teku, a ba shi ɗaki.

A bayan kulob suka yi sallama, ya ɗora mata hedifon ɗinsa, abin sauraren da ake sa wa a kunne. Tsoho ne na soja, baƙi, mai tauri kamar ƙwarya.

"Wayyo, yana cizon kunne!"

"Ya cije ki, 'yar tsuntsuwata, don kada ki yi gyangyaɗi ina magana."

"Kai dai ba ka da kunya."

"Saurara da kyau. Kowace Lahadi da tsakar rana zan kira lambarki. Doka ba ta yarda a yi hirar gida a iska ba, don haka lamba kawai za ki ji. Idan aka ba ni ɗakin, zan ƙara kwanan wata a bayan lambar. Ranar ki zo tashar jirgin ƙasa da jakarki."

"In ban zo ba fa?" ta ce, tana tsokanarsa.

Bai yi dariya ba.

"In ba ki zo ba, na san Baba kika zaɓa. Ba zan buga ƙofarku ba, ba zan sa ki kunya ba."

"Zan zo ko da rarrafe ne, Yasen..."

"Za ki ji hayaniya mai yawa, zuciyata. Kada ki gaji da ita. Ina cikinta."

*

Hayaniyar kuwa ta fi yadda ya faɗa.

A ɗakinta na saman bene take zama gaban akwatin sauraro, duniya duka tana zubo mata a kunne. Ga shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, ga tashoshi suna hawa kan juna, ga injin masaƙar gari yana gurnani. Can ƙasa, siriri kamar zare, sai ta tsinci muryar Akuya tana kiran lambarta. Wani lokaci ta kama rabi, rabi ya ɓace. Kunnuwanta suka yi ja, kanta ya riƙa sarawa.

Tsoro ya shige ta. Idan ranar kwanan watan ta zo, hayaniya ta cinye shi fa?

Da ta kai kukanta kulob, Zahari ya saurare ta da natsuwa. Lahadin da ta biyo baya ya zo gidansu da ƙunshi, Dobrin da kansa ya raka shi har saman bene.

Sabon hedifon ne, mai laushin fata, an haɗa shi da wani ɗan akwati.

"Wannan fa?"

"Rariya muke kiranta. Tana tankaɗe hayaniya, ta bar miki murya ɗaya tak."

"Zahari... ka san fa don wa nake saurare."

"Na sani. Wanda yake son mutum, farin cikinsa yake so."

Ranar akwai ɗumi, rana tana haska duwatsu. Ya juya allurar tasha sannu a hankali, ya miƙa mata hedifon ɗin. Ta ɗora.

Hayaniya ta ɗauke ɗif!

Sai muryar Akuya kaɗai, tar, kamar Yasen yana zaune a gefen gadonta.

Hawaye suka zubo mata. Ta kama hannun Zahari da hannu biyu.

"Allah ya saka maka! Ban san kana da kirki haka ba!"

Ya kunna kyandir, ya ɗiga kaki a kan abin juya allurar har ya daskare.

"Kada ki taɓa nan. Ƙofar rariya ƙanƙanuwa ce. In kin motsa ko da faɗin gashi, kin rasa shi."

Tsohon hedifon ta jefa shi a aljihun tebur, ta ce masa ya huta da cizo.

Bayan 'yan kwanaki ƙanƙara ta sauka a kan dutse.

Lahadi ta zo, ta zauna. Shiru.

Wata Lahadin ta zo. Shiru, mai tsabta, wanda ko ƙwayar ƙura babu a cikinsa.

"Ko dai abin ya lalace?" ta tambayi Zahari, idanunta sun faɗa.

"Bari mu gwada. Je ki gida, zan kira ki daga kulob a daidai wurin."

Ta ji shi raɗau, har sai da ta zabura.

"Kin gani?" ya ce washegari, cikin muryar mai jaje. "Na'ura lafiyarta ƙalau. Mai kiran ne babu. Ba na son kawo miki tsegumi, Rali, amma an ce akwai wata yarinya da take dafa musu abinci a can... Hunturu yana da tsawo."

"Yi mini shiru!"

"Na yi."

Duk da haka ba ta fasa ba. Jakarta tana ƙarƙashin gado a ɗaure. Kowace Lahadi takan ce kanta yana ciwo, ta hau bene, ta zauna cikin wannan shiru mai laushi har rana ta karkata. Da bazara ta shigo, sai ta ji a bakin mata a layin burodi cewa an ga ɗan Marin ya sauko gari, ya kuma koma dutse.

Bai buga ƙofarsu ba.

Ta kwance jakar, ta lulluɓe akwatin da zane. Kafin inabi ya nuna, ta ce wa mahaifinta ta amince.

*

Yanzu ga ta a farfajiyar gidansu, ƙarƙashin rumfar inabi, an riga an sa hannu a ofishin gari tun da safe, hannun ango yana matse da nata.

Ta ɗaga ido ta dubi dutse. Kansa ya yi fari, ƙanƙarar farko ta sauka.

Lahadi ce. Tsakar rana ce.

Ta fizge hannunta, ta tattare rigar amarci, ta nufi matakala da gudu.

"Rali! Ina za ki? Rali!"

Ta yaye zanen, ƙura ta tashi. Kakin yana nan yadda aka ɗiga shi. Ta kunna akwatin, ta jira ya yi zafi, ta ɗora hedifon mai laushi a kan mayafinta.

Shiru.

Ta jawo aljihun tebur har ya faɗo ƙasa. Ta zare wayar rariya, ta cusa ta tsohon hedifon.

Hayaniya ta afko mata kamar an buɗe dam. Ta rufe ido, ta danne shi a kunnuwanta. Can sama, sama da inda ta saba jinta, siririya, tana rawa...

Akuya.

Ta mayar da rariya. Shiru.

Ta mayar da tsohon. Ga shi nan.

Ta sake. Ta kuma sakewa. Hannunta yana kai da komowa tsakanin wayoyin biyu kamar ba nata ba.

A bakin ƙofa Zahari yana tsaye. A bayansa Gencho yana haki, sai Dobrin, sai mahaifiyarta.

"Kawu," ta ce, "zo ka ji."

Tsohon ya saurara da wannan, ya saurara da wancan. Ya taɓa kakin da ɗan yatsa. Barasar da ke idonsa ta washe nan take.

"Wa ya ɗaure allurar nan?"

Zahari ya kau da kai.

"Na ce wa ya ɗaure ta? Wa yake sa wa Akuya rariya mai ƙuncin nan, sannan ya liƙe allura? Ko yaron da ya shigo kulob jiya ya san sanyi yana korarta sama!" Ya juya. "Zahari... kai ne ka sa mata sunan nan da bakinka."

"Ita ta ce hayaniya ta dame ta," Zahari ya ce. "Abin da ta roƙa na ba ta."

"Ka san sanyi yana zuwa," in ji Ralitsa.

"Kowa ya san sanyi yana zuwa."

"Ka kira ni daga kulob don in yarda na'urar lafiya take."

"Ai lafiya take!"

"Kai, yaro, ji tsoron Allah!" Gencho ya daka masa tsawa. "A gabana Yasen ya shigo kulob da bazara, takardar ɗakin bakin teku a aljihunsa. Tun jirgin safe yake tsaye a tasha har na ƙarshe ya wuce. Ya tambaye ka, anya tana saurare? Me ka ce masa?"

Zahari ya gyara wuyan rigarsa.

"Na ce kowace Lahadi hedifon yana kanta, ni na haɗa mata da hannuna. Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba," Ralitsa ta ce. "Ko sau ɗaya ba ka yi ba."

"Ina son ki, Rali! Tun kafin ya san sunanki nake son ki! Me zai ba ki? Ɗaki ɗaya da warin kifi? Na ga kina shirin faɗawa rami, na riƙe ki. Laifi ne?"

Ta ɗaga masa hannu. Ta sake ɗora baƙin hedifon. Leɓunanta suka fara motsi, tana haɗa haruffa ɗaya bayan ɗaya, yadda mai su ya koya mata.

Ba lambarta yake kira ba.

Da wani mutum na wata ƙasa yake magana. Ya ce ƙanƙara ta sauka da wuri bana. Ya ce iska tana da ƙarfi. Ya ce muryar abokin tana zuwa da kyau. Sannan ya ce zai tashi, domin matarsa tana kira, miya za ta huce.

Ta sauke hedifon ɗin a cinyarta.

"Matarsa..."

Gencho ya sunkuyar da kai.

"Mai dafa musu abincin ce, 'yata. Da rani ya aure ta, bayan ya mayar wa hukuma da takardar ɗakin. Na ɗauka kin sani. Na ɗauka duk kin sani..."

"Kin ji ko?" Zahari ya yi caraf. "Ai na gaya miki akwai ta!"

"Lokacin da ka gaya mini, miya kawai take dafa masa."

Daga ƙasa ganga tana tashi, mata suna kiran amarya. Dobrin ya yi gyaran murya, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da aka san ta da shi ba.

"Mutane suna jira. An riga an sa hannu."

Sai mahaifiyarta ta ratsa tsakanin mazan. Matar da ba a taɓa jin ta musa wa mijinta ba ta durƙusa a gaban 'yarta, ta kama fuskarta.

"Rali, in kina so ki cire mayafin nan, cire shi. Ni zan tsaya a ƙofa, in ga wanda zai taɓa ki."

"In cire in je ina, Mama?"

"Ko'ina, 'yata..."

"Ɗakin bakin teku an ba wani. Miyar ma wata ce take dafawa." Ta share idon mahaifiyar da babban yatsa. Nata idon a bushe yake. "Ya ce mini kada in gaji da hayaniya. Na gaji, Mama. Kunnena ya yi zafi kaɗan, na gaji."

Ta miƙe, ta gyara mayafinta a madubi, ta sauka.

*

Aka kawo babban burodin biki. Ango da amarya suka juya wa juna baya, suka ɗaga shi sama da kawunansu, jama'a suna ihu. Suka ja.

Ya rabu. Kusan duka yana hannunta, ɗan gutsure a nasa.

"Amarya ce za ta mulki gida!" mata suka ɗauki guɗa. "Zahari, ka shiga uku!"

Yana dariyar dole, ita kuwa ta jingina kanta da kafaɗarsa ta baya, kamar mai raɗa wa ango zancen soyayya.

"Ka iya tankaɗe, mijina, kuma na koya. Zan dafa maka, zan wanke maka. Zan ji kukan kare, zan ji ɗigar famfo, zan ji maƙwabta suna faɗa ta bango. Kai kaɗai ne ba zan ji ba."

"Rali, fushi ne. Zai wuce."

Ta ajiye burodin. Ta kama hannun mahaifiyarta, ta shiga da'irar rawa.

Sunan Zahari ya fito a rabon gidaje kamar yadda Dobrin ya faɗa, ɗakuna biyu da baranda. Rigunansa kullum a goge, abincinsa a kan lokaci. Idan baƙi suka zo, takan yi hira da kowa, ta yi dariya. Idan shi ya yi magana, sai ta ci gaba da abin da take yi, kamar iska ce ta kaɗa labule. Ya yi faɗa, ya fasa faranti, ya yi kuka, ya kawo mata sarƙa daga babban birni. Ya fasa rariyar da guduma a gabanta. Ta share tarkacen, ta zuba a shara.

Gashinsu ya yi fari a gidan nan.

Akuya ta daɗe da yin shiru. An ce iyalin sun ƙaura, wasu suka ce na'urar ce ta mutu, babu wanda ya tabbatar. Amma duk Lahadi da tsakar rana Ralitsa takan zauna gaban tsohon akwatinta, ta ɗora baƙin hedifon, wanda ya riga ya yi mata kanta a bayan kunne, ta buɗe wa duniya ƙofa gaba ɗaya.

Maƙwabta sun saba jin muryar tsoho ta bango.

"Rali... Rali, ruhina... abinci zai huce."

Yana tsaye a bakin ƙofa, taku kaɗan tsakaninsu, yana kira.

Ita kuwa tana cikin hayaniya, inda aka taɓa ce mata a can za ta same shi.